Tafiya Bayan Tiyatar Zuciya: Abin da Mai Zuwa Abijan Zai Sani

Watannin baya an kawo mana wani dattijo a ɗakin shan magani, ƙafarsa ta hagu ta kumbura tun daga idon sawu har gwiwa. Yana da rumfar atamfa a kasuwar Adjame, a birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa, shekara fiye da ashirin ke nan. 'Ya'yansa sun haɗa kuɗi an yi masa tiyatar zuciya a ƙasar waje, aikin kuma ya yi kyau. Da ya koma Abijan ya yi mako biyar, sai aka aiko masa cewa yayansa ya rasu a gida. Bai tambayi likita ba, ya hau babbar mota. Ya yi kwana uku a zaune, bai sha ruwa sosai ba don gudun fitsari, maganinsa kuma yana cikin jakar da aka sa a ƙarƙashin mota. Jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa. Mun tura shi babban asibiti a ranar, Allah ya sa ya rayu. Amma da gudan jinin nan ya ɓalle ya tafi huhu, da ta'aziyya ta zama biyu.

Mai karatu, wataƙila kai ma an yi maka wannan aiki, ko an yi wa mahaifinka, ko mijinki, ko wani da kuka tara wa gudummawa. Mutanenmu da yawa suna neman abinci a Adjame da Treichville, suna zuwa gida suna komawa. Ba a hana wanda aka yi wa tiyatar zuciya tafiya ba. Amma akwai lokacinta, akwai kuma shirin da ake yi mata.

Me aka yi maka a ƙirji?

Zuciya tsoka ce, ita ma tana bukatar jini. Akwai ƙananan jijiyoyi da ke kwance a bayanta suna shayar da ita. Idan kitse ya toshe su, sai mutum ya riƙa jin ƙirji yana matse shi in ya yi sauri ko ya hau tudu. Ka san yadda ake yi wa gari titin baifas don motoci su kauce wa cunkoso? Haka likita yake yi wa zuciya. Yana ɗebo lafiyayyar jijiya daga ƙafa, ko hannu, ko cikin ƙirji, ya ɗinka ta yadda jini zai zagaye wurin da ya toshe. Wani likita ɗan ƙasar Ajantina, René Favaloro, shi ya yi suna da wannan aiki a Amurka a 1967, yana amfani da jijiyar ƙafa. A takardun Faransanci sunan aikin pontage. Ka riƙe kalmar nan, domin ita likitan Abijan zai gane nan take.

Kafin a kai ga zuciya sai an tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji, bayan an gama a ɗaure shi da waya. Fatar waje tana warkewa cikin mako biyu ko uku, shi ya sa mutane suke ruɗuwa. Ƙashin kuwa yana bukatar mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, wani ma har wata uku, musamman tsoho ko mai ciwon sukari. Karaya ce, ba bambanci. Wanda ya karye a ƙafa ba ya ɗaukar buhun masara don kawai ciwon waje ya bushe.

Yaushe za ka iya tashi?

Ga ma'aunin da likitoci suka saba bi idan aikin bai zo da matsala ba:

- Jirgin sama: a jira aƙalla kwana 10 zuwa 14. Wannan na wanda dole ya koma gida ne daga inda aka yi masa aiki. Tafiyar da ba dole ba, ta jira mako shida.
- Tuƙa ƙaramar mota: mako huɗu zuwa shida.
- Tuƙa babbar mota ko motar fasinja: wata uku, sai kuma likita ya gwada ka ya yarda.
- Ɗaukar kaya: kada ya wuce kilo biyar har sai ƙashi ya haɗe. Jarkar ruwa mai lita biyar ke nan.

Me ya sa ake jira kafin hawa jirgi? Bayan an rufe ƙirji, 'yar iska takan rage a ciki. A sama iska tana kumbura, tana iya matse huhu. Shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙirji kafin a sallame ka. Ban da haka, iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse ce mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Lafiyayye ba zai ji komai ba. Wanda jininsa ya ragu bayan tiyata zai iya jin haki.

Waɗannan kwanaki ƙiyasi ne. Likitan da ya buɗe ƙirjinka shi ke da magana ta ƙarshe. Kada ka tashi ko kaɗan idan har yanzu ƙirji yana maka ciwo kana zaune, ko numfashi yana ƙaranci in ka kwanta, ko zuciya tana bugawa ba bisa tsari ba, ko ɗinki yana fitar da ruwa, ko kana da zazzaɓi. Ga gwaji mai sauƙi: in ba ka iya tafiyar mita 50 a ƙasa, ko hawa bene ɗaya ba tare da haki ba, ba ka kai ga doguwar tafiya ba tukuna.

Mota ko jirgi?

Mutane da yawa suna jin tsoron jirgi, suna ganin mota ta fi aminci ga mai ciwon zuciya. A wannan hanyar ba haka abin yake ba.

Daga Abijan zuwa Legas ta bakin teku kimanin kilomita 1,000 ne. Za ka ratsa Gana da Togo da Benin, ka tsaya a iyaka huɗu: Noé da Elubo, Aflao, Hillacondji, sai Seme. Daga Legas zuwa Kano kuma akwai kusan wani kilomita 1,000. Masu zuwa Nijar ta arewa suna bi ta Yamoussoukro, Bouaké, Bobo-Dioulasso da Wagadugu kafin Yamai, hanyar da rashin tsaro ya ƙara mata wuya a 'yan shekarun nan. Ko ta ina ka bi, kwanaki za ka yi a kan kujera. Jirgi kuwa daga filin Félix Houphouët-Boigny da ke Port-Bouët zuwa Legas bai wuce kamar awa biyu ba.

Haɗarin zama shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman awa huɗu ko fiye ba motsi yana ninka wannan haɗari kusan sau biyu, ko a jirgi ne, ko mota, ko jirgin ƙasa. Wanda aka yi wa babbar tiyata jininsa ya fi saurin daskarewa har tsawon makonni. Ga kuma ƙafar da aka cire wa jijiya, wadda da ma takan kumbura.

Kuɗin jirgi da yawa, mun sani. Amma ka auna shi da kuɗin da aka kashe wajen tiyatar. Idan dangi ko jama'ar ikilisiya ko ƙungiyar 'yan kasuwa suna tara kuɗin magani, su sa kuɗin dawowa a lissafi tun farko, da na wanda zai raka majinyaci.

In kuwa ba makawa sai mota, bayan mako shida zuwa takwas da izinin likita, to ga abin yi:

- Raba tafiyar. Ka kwana a Akara ko Lome ko Legas a kan gado, kada ka yi ta a zama ɗaya.
- Nemi kujerar gefen hanya, inda za ka iya miƙe ƙafa. Kada ka cusa kaya a ƙarƙashin ƙafarka.
- Duk inda mota ta tsaya, sauka ka taka na minti biyar zuwa goma.
- Kana zaune, ka riƙa ɗaga yatsun ƙafa sama kana mayar da su ƙasa, sau ashirin, kowane rabin awa.
- Sa doguwar safar likita mai matse ƙwauri, idan an rubuta maka ita.
- Sha ruwa mai tsabta. Jin kunyar tsayar da direba bai kai ranka ba. In likita ya ƙayyade maka yawan ruwa, bi nasa.
- Ɗaura bel, ka sa ƙaramin matashi tsakaninsa da ƙirjinka. Matashin nan za ka rungume in tari ko atishawa ya zo.

Kada ka manta da ƙarshen hanya. Sau da yawa daga tasha zuwa ƙauye sai a kan babur, a hanya mai gargada. Girgizar nan da riƙe ƙarfe da ƙarfi suna motsa ƙashin da bai haɗe ba. A nemo mota tun kafin ka iso.

Jakar da ba za ta bar hannunka ba

Ka tanadi ƙaramar jaka mara nauyi wadda ba za a sa ta a but ko a kan mota ba. Ga abin da zai kasance a ciki.

Na ɗaya, takardar sallama daga asibiti, mai nuna ranar aiki da yawan jijiyoyin da aka ɗinka, da takardar gwajin bugun zuciya ta ƙarshe. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka tura wa wani ɗan'uwa. A Abijan da Faransanci ake aiki. In takardarka ta Turanci ce, a samo wanda zai rubuta maka taƙaitaccen bayani da Faransanci a shafi ɗaya.

Na biyu, magani na dukan kwanakin tafiya, da ƙarin na mako biyu. Ka roƙi likita ya rubuta ainihin sunan kowane magani, ba sunan kamfani ba, domin sunan da ke jikin kwali a Yola ko Kano ba lallai ya zama shi ne a Abijan ba. Asfirin, da kilofidogirel in an ba ka, su ke hana sabuwar jijiya toshewa. Maganin rage bugun zuciya irin su atenolol ko bisofurolol ba a daina shi farat ɗaya, domin ciwon ƙirji yana iya dawowa da ƙarfi. Agogon Abijan yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Wannan ba zai ɓata komai ba, ka ci gaba da sha safe da yamma yadda ka saba.

Na uku, maganin ƙarƙashin harshe na ciwon ƙirji, in an ba ka. Yana zama a aljihun riga.

Na huɗu, katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa. Ba a shiga Kodebuwa sai da shi. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, ba sai an sake ba. In ba ka taɓa yi ba kuma ka wuce shekara sittin, ka yi magana da likita tukuna. Kada ka sayi katin bogi a tasha. Katin bogi yana iya wuce da kai iyaka, amma sauro ba ya karanta kati.

Maganar inshora

Dattijon da na ba ka labarinsa ya ce mana yana da inshora. Da muka duba, sai muka ga takardar da aka sayar masa ce lokacin neman biza, kuma ta daɗe da ƙarewa. Ko da ba ta ƙare ba, an rubuta a ciki da ƙananan haruffa cewa ba ta ɗaukar ciwon da mutum yake da shi tun kafin ya saya. Ba wanda ya karanta masa.

Takardu iri-iri ne ake kira inshora, kuma kowace da iyakarta.

Katin Brown Card na ECOWAS na mota ne. Yana biyan wanda motar ta yi wa ɓarna a wata ƙasa. Ba ruwansa da zuciyar fasinja.

Inshorar lafiya ta Najeriya, wadda hukumar NHIA take kula da ita bisa dokar 2022, a cikin Najeriya take aiki. Da ka tsallaka Seme ta tsaya.

Kodebuwa tana da tata, sunanta CMU, an kafa ta da dokar 2014. Ana biyan sefa 1,000 a wata ga kowane mutum, kuma baƙin da suke zaune a ƙasar suna cikin waɗanda doka ta ce su shiga. Tana ɗaukar kashi 70 cikin 100 na kuɗin ayyukan da ke cikin jerinta, majinyaci ya biya sauran. In kana zaune a Adjame ko Treichville, ka yi rajista, ka riƙa biya a kan lokaci, ka kuma tambaya a asibiti wanne daga gwaje-gwajenka da magungunanka ne ta ɗauka. Ita ma a cikin ƙasar kaɗai take aiki.

Inshorar tafiya ita ce ake saya don kwanakin da mutum zai yi a wata ƙasa. Yawancinsu ba sa biyan tsohon ciwo sai an faɗa musu tun farko, sun amince a rubuce. Saboda haka kada ka ɓoye tiyatar don kuɗin ya yi sauƙi. Ranar da ka kwanta, kamfani zai nemi takardun asibiti, tabon ƙirjinka kuma ba ya ɓoyuwa. Wanda ya ɓoye ya yi asarar kuɗin da ya biya, ga kuma kuɗin asibiti a kansa. Kafin ka biya, yi waɗannan tambayoyi, a ba ka amsa a takarda:

- Na yi tiyatar zuciya a rana kaza. In ciwon zuciya ya taso mini a hanya, za ku biya?
- Sai bayan wata nawa da tiyata kuke karɓar mutum?
- Waɗanne ƙasashe takardar ta ƙunsa? Har da waɗanda zan ratsa a mota?
- Iyakar kuɗin da za ku biya nawa ne?
- Ku za ku biya asibiti kai tsaye, ko ni zan biya ku mayar mini daga baya?
- Za ku ɗauki kuɗin mayar da ni gida ina kwance, da na mai rakiya? In rai ya yi halinsa, za ku kawo gawa?
- Wace lamba zan kira da dare, kuma da wane harshe za a amsa?

Ka sani kuma, kusan kowane kamfani yana ƙin biya idan mutum ya yi tafiya bayan likita ya hana shi, ko kuma tafiyar ta neman magani ce da ma. Don haka ka karɓi takardar izinin tafiya daga likitanka, mai kwanan wata da hatimi. Kamfanin jirgi ma yana iya nemanta. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu rajista a Najeriya. Su ma tambayoyin nan za ka yi musu.

In ba ka sami kamfanin da zai karɓe ka ba, ka ware kuɗi na musamman, a hannun amintacce wanda zai iya turo su cikin awa ɗaya. A asibitoci da yawa na yankinmu sai an ajiye wani abu kafin a fara aiki.

In ka sauka Abijan

Abu na farko, ka san inda asibitin zuciya yake tun kana lafiya. Institut de Cardiologie d'Abidjan yana Treichville, daura da babban asibitin koyarwa na CHU de Treichville. Tun shekarun 1970 ake kula da masu ciwon zuciya a wurin. Mutumin Treichville yana kusa. Na Adjame kuwa sai ya ratsa Plateau ya haye gada, ta Houphouët-Boigny ko ta De Gaulle, kuma da safe da yamma cunkoso yana cin lokaci. Ka je a makon farko da takardunka, a buɗe maka fayil, a ba ka ranar dawowa. Lambar motar asibiti ta gaggawa, SAMU, ita ce 185. Ta 'yan kwana-kwana 180. Ka sa su a waya, ka kuma shirya da wani mai mota a unguwa wanda zai amsa kiranka da tsakar dare.

A tashar Adjame kada ka ɗauki kayanka da kanka, ka biya ɗan dako. Kada ka shiga turereniyar hawa gbaka, kada ka yi lilo a ƙofa, kada ka tsaya kana riƙe ƙarfen sama a bas. Har ƙashi ya haɗe, ka ɗauki tasi ka zauna a baya. A rumfa, ka zauna ka karɓi kuɗi, yaro ya sauke bandir ya ja ƙofar ƙarfe. Ke ma uwargida, ba ɗaukar kaya a ka, ba goyo, ba daka, ba jan guga, sai likita ya sake ki.

Magani kuwa, a kantin magani mai alamar kuros kore za ka saya. Kowa a Adjame ya san kasuwar Roxy, inda ake baza magani a tire cikin rana. Yana da araha, amma ba ka da tabbacin abin da ke cikin ƙwayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marasa inganci. In maganin hana daskarewar jini ya zama alli, ba za ka sani ba sai jijiya ta toshe.

Garin yana da zafi da gumi. Ka riƙa wanke tabon da ruwa da sabulu, ka tsane shi da tsabtataccen ƙyalle, ka sa riga mara nauyi. Ka kwana cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya kama ka, je a gwada jini a ranar, ka faɗa wa likita magungunan zuciyar da kake sha, domin wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro suna taɓa bugun zuciya. Don ciwon jiki ka sha farasitamol. Ka guji ibufurofen da dikulofenak. Maganin ƙarfin maza kuma, in ya haɗu da maganin ƙarƙashin harshe, yana iya faɗar da jini ƙasa har mutum ya mutu.

Garba, wato acake da soyayyen kifi, abincin da mutanenmu na Nijar suka yi suna da shi a Abijan, yana da daɗi da araha. Amma mai ne da gishiri da dunƙule. Ka ci acakenka da gasasshen kifi da tumatir da albasa, ka ce kada a barbaɗa dunƙule. Ka rage goro da shayi mai kauri in suna sa zuciyarka bugawa. Taba kuwa, an rabu ke nan har abada.

Alamun da ba a jira da su

Ko a mota kake, ko a jirgi, ko a rumfa, ka nemi asibiti nan take idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Ƙirji ya matse, ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, da gumi mai sanyi. Zauna, sa maganin ƙarƙashin harshe. In minti biyar ya wuce bai lafa ba, a kira taimako.
- Numfashi ya yanke farat ɗaya, ko tari da jini.
- Ƙwauri ɗaya ya kumbura, ya yi zafi, yana ciwo. Kada a murza shi, kada a yi masa tausa ko ƙaho.
- Ƙashin ƙirji yana ƙas-ƙas ko yana motsi, ko tabo ya yi ja yana fitar da mugunya.
- Baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko gefe ɗaya na jiki ya mutu.
- Baƙin bayan gida kamar kwalta, ko jinin da ya ƙi tsayawa.

A hanya, kada ka ce bari mu kai gida tukuna. Ka sa direba ya tsaya a babban gari na gaba. Wanda yake rakiyarka ya san waɗannan alamu kamar yadda ka san su, ya san inda jakar takardu take.

Dattijon nan ya zauna gida wata uku yana shan maganin hana daskarewar jini. Da zai koma, ya zo mana da takardunsa a leda, muka zauna muka ƙirga ƙwayoyinsa tare, ƙaramin ɗansa ya raka shi, suka hau jirgi daga Legas. Da na ce masa wannan karon ya yi shiri, sai ya yi dariya ya ce sauri ne ya haifi nawa.

Kafin ka sayi tikiti, ka zo asibiti da takardunka da magungunanka duka, mu duba tare. Allah ya kiyaye hanya, ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.